"Umarni Ne Daga Sama": To, Ina Takardar?



Akwai wata amsa da kunnuwanmu suka gaji da ji a ofisoshin makarantun gwamnati. Uba ya je ya tambayi dalilin da ya sa babu darasin CRK a jadawalin ajin ɗansa, sai a ce masa umarni ne daga sama. Uwa ta tambayi abin da ya hana a ba ɗalibai Kirista aji guda su yi sujada ranar Lahadi a makarantar kwana, sai a ce mata umarni ne daga sama. In ka ce a nuna maka takardar umarnin, nan take fuska ta canja, ka zama mai neman fitina. Muna rubuta wannan ne domin mu faɗa a fili cewa makarantar gwamnati ba gonar gado ba ce, kuma dokar da ba a rubuta ba, ba a san wanda ya kafa ta ba, ba ta da ikon ɗaure ɗan kowa.

A zangon karatun da ya wuce wani dattijo ya kawo mana kuka. 'Yarsa tana sakandaren kwana, kuma duk lokacin darasin addini ana sa su zauna a ajin da ake koyar da addinin da ba nasu ba, wai don kada yara su yi ta yawo a waje. Mu uku muka tafi. Firinsifal ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana ruwa, sa'an nan ya ce hannunsa a ɗaure yake, daga ma'aikata ne. Muka nufi ofishin ilimi na shiyya. Aka buɗe fayil, aka duba, babu wata sakula mai kama da haka. A ƙarshe muka gano asalin abin. Malamin CRK ya yi ritaya shekarun baya, ba wanda ya rubuta ya nemi madadinsa, firinsifal na lokacin ya share darasin daga jadawali, duk wanda ya biyo bayansa kuwa ya gaji abin a haka. Sakacin mutum ɗaya ya tsufa har ya zama doka, yara kuma suna ta biyan bashinsa.

Ba mu ce kowane shugaban makaranta maƙiyinmu ne ba. Da yawa mutanen kirki ne masu fama da ƙarancin malamai da rufin da ke yoyo. Abin da muke ƙi shi ne mulkin baki, inda ra'ayin wanda ke kan kujera yau shi ne tsari, gobe in an yi masa canjin wurin aiki tsarin ya bi shi. A irin wannan mulki, marasa rinjaye su ne kullum a ƙasa, domin ba su da ɗan'uwa a ofis da zai raɗa musu abin da aka shirya.

Ƙasar nan fa tana da doka a rubuce. Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwa ko shiga hidimar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko inda ya fito. Manhajar karatu kuma hukumar NERDC ce ke tsara ta, ma'aikatun ilimi da hukumomin SUBEB na jihohi su aiwatar. Shugaban makaranta mai riƙon amana ne a ƙarƙashin waɗannan duka. Yana da ikon tsara lokacin tashi da na shara da na cin abinci, amma ba shi da ikon soke abin da Tsarin Mulki ya bayar.

Masu cewa takarda ba ta aiki a Nijeriya su tuna da shekarar 2017. An cusa darasin addinin Kirista da na Musulunci ƙarƙashin inuwar darasi guda tare da wasu fannoni. Ƙungiyar CAN ta ɗaga murya a fili, shugabannin Musulmi ma ba su so haɗin ba, kuma a watan Yuli na shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarni a raba su kowane ya tsaya da kansa. Da a ce an tsaya ga gunaguni a bayan majami'a, da babu abin da ya motsa.

Mu kuma yi gaskiya, ma'aunin nan ba namu kaɗai ba ne. A shekarar 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas, bayan shekaru ana shari'a. Sashe na 38 ɗin nan ne ya tsaya musu. Wanda ya ji haushin wannan hukunci, sa'an nan ya zo yana neman a ba 'yarsa aji ta yi sujada a Kano ko Katsina, ya yi tufka da warwara. Dokar da ta kāre 'yar maƙwabcinmu inda su ne 'yan kaɗan, ita ce za ta kāre tamu a nan.

Yanzu bari mu juyo gida, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayenmu sun ga yadda aka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Zafin wannan bai huce ba, kuma tun daga nan da yawanmu muka ɗauki makarantar gwamnati kamar ta wasu ce. Wanda ke da hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi. To, gwauruwar da ke sayar da ƙosai fa? Manomin da ke ƙauye fa? 'Ya'yansu suna can, kuma da kuɗin jama'a, har da namu, ake biyan albashin malaman.

Tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta amince a kafa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, inda ake ba iyaye, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sarauta da wakilan addini kujeru. Muna tambayar dattawa: su wa ke zaune a kujerunmu? Ranar taron PTA, mu nawa ke zuwa? Muna iya kwana uku a taron Zumuntar Mata ko babban taron gunduma, amma awa biyu a makarantar yaranmu ta gagare mu. A can ake amincewa da jadawali, a can ake yanke kuɗin da iyaye za su biya, a can ake rubuta irin malaman da za a nema. Wanda ba ya nan aka yi rabo, kada ya yi mamakin samun ƙashi.

Mun san abin da wasu manyanmu za su ce: a yi haƙuri, a bar wa Allah, ai Romawa 13 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta. Gaskiya ne, kuma muna koyar da haka. Amma wanda ya rubuta Romawa 13 shi ne Bulus ɗin da aka yi wa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, da aka aiko a sallame shi a ɓoye ya ƙi fita sai mahukuntan sun zo da kansu, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta nuna. Shi ne a sura ta 22 ya tuna wa jarumin soja cewa doka ta hana a bulale ɗan ƙasar Roma ba a yanke masa hukunci ba, a sura ta 25 kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bai jefi kowa da dutse ba, ya dai riƙe mahukunta da dokarsu. Haƙurin da ke barin yarinya 'yar shekara 13 ta ɗauki nauyin da dattawa suka guje wa, mu kira shi da sunansa, tsoro ne.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu natsuwa da iya rubutu, su zama idon ikkilisiya a makarantun gwamnati da ke kusa. Su nemi shiga SBMC da PTA, su halarci kowane zama, su nemi a karanta abin da aka rubuta na zaman baya. In an ce umarni ne daga sama, a tambaya cikin ladabi: wane ofis, wace rana, wace lamba? Kowane koke a rubuta shi, a sa hannu, a kai kofi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi fayil ɗin ikkilisiya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani a rubuce, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta shafi hukumomin jihohi ma. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofisoshi a jihohi, ba a kuma biyan ko kwabo. Matasanmu masu NCE da digiri a fannin addinin Kirista su nemi aikin koyarwa, kada gobe a sake ce mana babu malami. Kuma a tafi tare da iyaye Musulmi a kan rijiya, banɗaki da kujerun zama, domin wanda aka gani ranar gyaran rufi shi ake saurara ranar da ya kawo nasa kukan.

Game da makarantar da muka ambata, mun rubuta takarda, an buga mana hatimi. Har yanzu malami bai iso ba, amma an ware wa yaran aji, wata malamar Turanci 'yar'uwarmu tana zama da su. Za mu koma a farkon zango mai zuwa da kofin takardarmu a hannu.

Ubangiji ya ba shugabanninmu zuciyar adalci, ya ba mu hikima da ƙarfin hali, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.