Rawar samari da kiɗan na'ura

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi da dare lokacin bukukuwa ya san kiɗan da ya mamaye gari. Babu kalangu, babu ganga. Fiyano ne da kwamfuta da manyan lasifikoki, sai wani yaro da ake kira dije yana juya waƙoƙin Kano da na Abijan. Samari su kewaye fili, kowa ya shiga tsakiya shi kaɗai, ya karya kafaɗa, ya sarrafa ƙafa, abokan fadarsa suna yi masa kirari. Wannan yayi ya kai Tsibiri, ya kai Jiratawa.

Dattawa da yawa sun ce wannan ba aikin ɗa namiji ba ne. Wasu har suna jifan masu rawar da sunan ƴan daudu. Maganar tana bukatar awo. A ƙasar Katsina da Gobir namiji bai taɓa jin kunyar taka rawa ba. Manomi ya taka a wurin gayya, ɗan tauri ya taka da wuƙa a hannu. Ɗan kokowa kuwa, kafin Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci takobin farko a Tawa cikin 1975 da kuma bayansa, ba ya kama abokin karawa sai makaɗa sun zuga shi. Yaron da ke shiga fili yau abin da kakansa ya nema yake nema, wato a gan shi, a san ya isa.

Abin da ya ɓace shi ne mai tsawatawa. Zamanin Samariya, wadda gwamnatin Saini Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974, dandali yana da sarkin samari, kuma shi ake tuhuma in wasa ya ɓaci. Yanzu wanda ya biya hayar lasifika shi ne sarki. Shi ya sa kiɗa ke kaiwa asuba, maras lafiya bai runtsa ba, gasar rawa tsakanin fada da fada ta koma dambe, ƙwayar taramol kuma ta samu ƙofa.

Masu kiran a hana rawar ɗungum su tuna da watan Nuwamba na 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bukin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙone mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Wutar ta mutu, kiɗa bai mutu ba. In an kori samari daga fili, kango za su koma, inda ba idon kowa.

Ya kamata magajin gari da masu unguwanni su yanka lokacin da za a kashe na'ura, kowane wasa kuma a rubuta sunan saurayin da ya ɗauki nauyinsa. A buɗe gidan matasa don gasar rawa da rana tsaka, ƴan Tsibiri su zo, ƴan Jiratawa da suka gama ban ruwan gonakin rani su zo, a zaunar da tsofaffin makaɗa cikin alƙalai.