A Daina Yawo da Filasha a Ɗakin Kwamfuta

Ranar Laraba filasha ɗaya ta cinye mana aikin sati biyu. Wani ɗan kulob ɗinmu ya kai ta shagon tura finafinai a kasuwar Ƙanƙara, ta dawo da bairos, duk labaran da muka buga suka ɓace. Har kuka na yi.

Abin haushin, kwamfutocin ɗakin a haɗe suke da kebul. Malam ya taɓa nuna mana sau ɗaya: ka buɗe baƙin allon nan, cmd, ka rubuta copy, sai sunan fayil, sai sunan kwamfutar da foldar da za shi, ka danna Enter. Shi ke nan, ya isa. Ba ruwanka da data, kamar dai Xender.

Wasu na cewa wannan karatun manya ne, mu ƙanana ɓarna za mu yi. To ai in ka kuskure sunan, ƙin tafiya kawai yake yi, ka sake rubutawa.

Malam, don Allah ranar da aka tayar da janareta a ba mu darasi biyu a kan wannan. Zanen linzami a littafi mun yi shi tun aji ɗaya.