Wa Ya Ce Ba a San Laifi Ba Ne?

A Salaga har wa yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi. A nan ne dā ake yi wa mutane wanka, a shafe su da man kaɗanya domin kuɗinsu ya ƙaru. Fasto Theophilus Opoku na Mishan ɗin Basel ya ga kasuwar da idonsa a 1877. Duk da haka waɗansu suna cewa cinikin zamani ne kawai, ba wanda ya ga laifinsa sai da Bature ya zo. Wannan ƙarya ce.

An tambayi waɗanda aka ɗaure? Babatu, jarumin Zabarmawa, ya yi shekaru yana kai hari ƙasar Gurunsi yana kwashe mutane. Bulsawa suka tare shi da kwari da baka wajen Sandema, suka kore shi, ba Bature ya koya musu ba. Bikinsu na Feok yana tunawa da wannan. Babatu kuwa ya mutu a Yendi a 1907. Can a Kansas ta Amurka ma, daga 1854, masu ƙin bauta da masu sonta sun zub da jini a kanta. Nan da can an san mugunta ce.

Saboda haka, mutumin da ya hana 'yarsa aure a Yendi ko Bawku wai kakan saurayin bawa ne, yana cikin rundunar Babatu, ko da bai taɓa fashin sujada ba. Manzo Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi bawansa Onisimas kamar ɗan'uwa. Ikilisiya kada ta yarda da abin da ya gaza wannan.