A Bar Mana Tuwon Dare

Iyayenmu na New Bell, muna da koke. Da safe muna lakwal, Faransanci zalla, da yamma islamiyya. Baba yana Marché Central har Magariba. To yaushe za mu haɗu in ba kan tuwon dare ba?

Amma yanzu sai a miƙa wa yaro sefa 200, wai je ka sayi makala da wake. Ciki kam zai cika. Sai dai mai makala ba ta tambayar inda ka tsaya a hadda, ba ta gyara maka Hausa in ka kwaɓa. Ƙannenmu har sun fara ce wa miya “sos”!

Mun san masara ta yi tsada. Ko malmala biyu ce, a zuba mana a kwano ɗaya bayan Isha'i. Wanke-wanke namu ne.