Barcin Direba Amana Ce a Wuyan Mai Kaya

Wannan magana ce a kan direbobin manyan motoci, waɗanda ke ɗaukar kaya daga Katsina zuwa Ikko, da sa'o'in da suke yi bisa tuƙi, da kuma wanda ya kamata a tambaya in barci ya sace ɗayansu a hanya.

Katsina gari ne na mota. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga baya reshensa ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, amma bai shigo birnin Dikko ba. Sai a 2021 aka aza harsashin layin da zai bi ta Katsina zuwa Maraɗi. Saboda haka shanun Mai'aduwa da na Caranci, da hatsi, da albasa, duk bisa tirela suke gangarawa kudu, bisa tirela kuma haja ke hawowa.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Daga Katsina zuwa Ikko, ta Funtuwa da Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori da Badun, kimanin kilomita 1,100 ne. Ƙa'ida ta yanka wa tirela kilomita 50 a sa'a bisa babbar hanya, 60 bisa tagwayen hanya. In aka yi lissafi da 50, sa'a 22 ke nan ana juya sitiyari, ban da ramuka, ban da shingayen masu bincike, ban da salla da cin abinci. Dokokin hanya na tarayya kuwa sun hana direban babbar mota ya wuce sa'a 10 da rabi yana tuƙi cikin yini da dare, sai fa ɗan ƙarin da aka yarda masa domin ya ƙarasa doguwar tafiya, sun kuma wajabta masa hutun sa'a 8 a jere. Watau direba ɗaya da ya bi doka ba ya kwana biyu ya ce ya isa da sauƙi, lalle sai ya shiga rana ta uku. To, attajirin da ya yi lodi yau da la'asar, ya ce gobe da dare yana son kayansa a kasuwar Mile 12, me ya umurci direba da shi? Ya umurce shi ya bar barci ko ya bar ƙa'idar gudu, ko kuwa duka biyu.

Sauran ƙasashe sun auna abin har ga mako. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta ba direba sa'a 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace sa'a 4 da rabi, kada ya wuce sa'a 56 a mako, ko 90 a mako biyu. A Amurka sa'a 11 ce bayan hutun sa'a 10, tun 2017 kuma aka tilasta sa na'ura cikin mota tana rubuta lokacin. Zuwa Ikko da komowa sau ɗaya sa'a 44 ne, yana cikin ma'aunin mako. Amma wanda aka matsa ya yi sahu biyu cikin mako guda ya tuƙa sa'a 88, kusan abin da Bature ya raba wa mako biyu. Jikin direban Katsina kuwa ba ƙarfe ba ne.

Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta na'urar taƙaita gudu a 2017. Wannan ya yi kyau, amma na'urar gudu ba ta ganin idon da ya yi ja. Ma'aikaci a bakin hanya yana iya duba taya da takarda, ba ya iya sanin yaushe rabon mutum da shimfiɗa. Wanda ya sani shi ne mai mota da mai kaya, domin su suka yanka ranar isa, su kuma ke biya bisa sahu. Muddin kuɗin direba na bin yawan sahu, kowace sa'a ta barci hasara ce gare shi. Daga nan sai goro, sai shayi mai ƙarfi, in waɗannan sun gaza sai ƙwaya, ko kuwa a miƙa sitiyari ga yaron mota cikin dare. Barci kuwa bashi ne, ba a cinye shi.

Mutanen dā sun fi mu tsari a nan. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, shi ke yanka inda za a sauka, ba mai kaya ba. Daga zango zuwa zango aka auna da ƙarfin jaki da na ɗan alaro. Falken da ya ƙosa ba ya iya tayar da ayari tsakar dare. An tausaya wa jaki domin dukiya ce. Yaya za a kasa tausaya wa ɗan Adam, mai iyali, wanda motar miliyoyi da rayukan mutanen hanya ke hannunsa?

Attajiri zai ce tumatir ba ya jira, shanu kuma suna ramewa bisa mota, har wa yau akwai wurare kamar dajin Birnin Gwari inda tsayawa da dare ya fi tafiya haɗari. Duk gaskiya ne. Amma maganin kaya mai lalacewa shi ne direba biyu cikakku masu lasin, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci, a sa ladan na biyun cikin kuɗin lodi. Maganin mugun daji kuwa shi ne a tsara tashi yadda za a ratsa shi da rana, a kwana inda aka sani. Ladan direba na biyu bai kai kuɗin sa ɗaya ba, mota kuwa in ta kife ba sa ɗaya ke mutuwa ba.

Malamai sun sani a fiƙihu ana rarrabe wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababinta, ba a kuwa wanke na biyun don bai taɓa ba. Saboda haka in attajiri ko direba ya zo neman addu'ar tafiya, ya kamata malam ya yi masa, sa'an nan ya tambaye shi kwana nawa aka yanka wa tafiyar, direba nawa ne cikin motar. In amsar ba ta yi daidai da lissafin da ya gabata ba, ya gaya masa gaskiya.

Abin da ake roƙo ga shugabannin kasuwa da na tasha kaɗan ne. A rubuta kwanakin tafiya cikin takardar lodi, kwana uku ga direba ɗaya, a daina zaftare ladan wanda ya makara domin ya kwana a hanya, a kuma bar wanda ya komo daga Ikko ya kwana gidansa kafin a sake yi masa lodi. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya kiyaye matafiya, ya komo da su ga iyalinsu lafiya. Wassalamu.