Tseren kat: Kafin a sayo sabon inji, a fara gina wuyan direba

Duk wanda ya hango yaro ɗan shekara 12 a cikin kat, wato ƙaramar motar tseren nan da ke tafiya dab da ƙasa, zai ɗauka wasan yara ne kawai, a zauna a taka totur a murɗa sitiyari. Wannan zato ne ya sa iyaye da yawa a Turai da Amurka ke zuba dukiya wajen sayen inji da tayoyi, su manta da wanda zai zauna a kujerar.

Kuskure ne mai tsada. A wasan da kuɗi ke magana kusan a kowane mataki, ƙarfin jikin direba ne kaɗai abin da ba a sayowa a shago, kuma shi ne abin da ɗan talaka zai iya ginawa kamar yadda ɗan attajiri zai gina.

Sai an duba ƙirar motar kafin a gane dalili. Kat ba ta da sifirin ko wani abin shanye jijjiga, don haka duk gargadar hanya a ƙashin baya da haƙarƙarin direba take sauka. Sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa murɗawa, damtse da tsintsiyar hannu ne ke yin aikin. Ba ta da bel, kujerar kuma mai tauri ce, tana matse haƙarƙari a kowace kwana, abin da ya sa direbobi ke sanya rigar kariya ta musamman a ƙirji.

Akwai kuma abin da ɗan kallo ba ya lura da shi. Tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa. Kafin motar ta sha kwana yadda ya kamata, sai tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Direba kan kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin motar baki ɗaya, saboda haka yadda ya jingina da yadda ya riƙe gangar jikinsa na cikin abin da ke ɗaga tayar nan. Da zarar tsokar ciki da ta baya sun gaji, jiki ya saki, motar sai ta daina jin magana ko da injinta sabo ne fil.

A rukunin KZ, inji mai cc 125 ne, kusan girman na baburan haya, amma da giya shida da gudun da ke haura kilomita 130 a sa'a. Direba na canja giya da hannun dama, wani lokaci yana riƙe da sitiyari da hagu kaɗai. Kai da hular kwano sun kai kilo shida, kuma a kwana mai zafi wuya kan ɗauki ninkin wannan nauyi ta gefe. Zuciya na iya buga sama da 160 a minti. Ba sau ɗaya ake yin wannan ba: akwai gwaji, akwai zagayen neman gurbi, akwai tseren share fage kashi-kashi, sannan na ƙarshe, duk a ƙarshen mako guda.

Gajiya a nan ba ta zuwa da sallama. Kai ne zai fara karkata, ido ya daina hango bakin kwana da wuri, ƙafa ta makara a kan birki. A gasar da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke raba motoci da dama, wannan ya isa ya mayar da yaro daga sahun gaba zuwa tsakiyar tururuwa, inda aka fi yin karo.

Manyan direbobin Formula 1 da dama ta wannan ƙofa suka shigo. Lewis Hamilton ya fara tuƙa kat yana ɗan shekara takwas a 1993, lokacin da mahaifinsa ke haɗa ayyuka da dama don biyan kuɗin tsere. Max Verstappen ya ci kofin duniya na KZ a Faransa a 2013, shekara biyu kafin ya fara Formula 1 yana da 17. Amma labarin Ayrton Senna ne ya fi dacewa a nan. Ɗan Brazil ɗin ya zo na biyu a gasar kat ta duniya a 1979 da 1980, baiwarsa ba abin musu ba ce. Duk da haka, a tserensa na biyu a Formula 1, a Afirka ta Kudu a 1984, ya gama na shida a galabaice har sai da likitoci suka duba shi. Daga nan ne ya ɗauki atisaye da muhimmanci ƙarƙashin mai horarwa Nuno Cobra. Idan jiki ya iya cin amanar Senna, ina ga yaron da ke shafe mako a gaban allon wasan kwamfuta?

Wasu masu horarwa na cewa babu atisayen da ya kai zama a kujerar kanta. Da gaskiyarsu, domin wuya ya fi saurin sabawa a kan hanyar tsere. Sai dai kowace rana a filin tana cin tayoyi da mai da kuɗin makaniki da na shiga, ba kowane gida ne zai iya hakan sau uku a mako ba. Gudu, hawan keke, ninƙaya da tsallen igiya suna gina numfashi. Robar talewa da ake ɗaura a kai tana ƙarfafa wuya ta gefe da gefe. Rataya a jikin sanda na ƙarfafa riƙo. Dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, na gina tsokar ciki da ta baya. Duka kayan nan ba su kai kuɗin saitin taya ɗaya ba.

Wannan ba zai maye gurbin inji mai kyau ba, yaudara ce a ce zai yi. Abin da zai yi shi ne ya sa zagaye na 20 ya yi kama da na biyu.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Yaron da ƙasusuwansa ba su gama girma ba, ba a ɗora masa ƙarfe mai nauyi a wuya, nauyin jikinsa da roba sun wadatar, a ƙarƙashin idon wanda ya san aikin. Mafi muni shi ne hana yaro abinci don ya rage ƙiba. Kowane rukuni na da mafi ƙarancin nauyin da mota da direba za su kai a haɗe, wanda bai kai ba ma dalma ake ɗaura masa a kujera. Ita kanta Formula 1 ta sanya wa direba da kujerarsa mafi ƙarancin kilo 80 a 2019, bayan shekarun da dogayen direbobi suka yi suna ramar da kansu.

Batun ruwa da zafi ma ba na wasa ba ne. A tseren Katar na 2023, Esteban Ocon ya yi amai a cikin hularsa, Logan Sargeant kuma ya janye saboda rashin lafiya, alhali ƙwararru ne masu likitoci da masu horarwa na kansu. Yaron da ke sanye da riga mai kauri da safar hannu da hular kwano a tsakar ranar bazara a Italiya ko Sifaniya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya kamata hukumomin wasan da kulob-kulob su sanya koyar da atisaye da shan ruwa cikin sharuɗɗan ba yara lasisi, kamar yadda ba sa barin kowa ya hau hanya ba tare da hular da aka tantance ba.