Kwaleji ɗaya, ƙofofi daban

Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malaman makaranta suke son horarwa, kuma 'ya'yan manya suka fi nema. Sai dai ba kowane basarake ne ya aminta da boko ba. Sau da yawa in aka ce hakimi ya kawo yaro makaranta, sai ya ɓoye nasa, ya tura ɗan baransa. Haka 'ya'yan talakawa da dama suka tsinci kansu a aji, ba don iyayensu sun so ba.

Dubi mutum biyu da kwalejin ta yaye. Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, mahaifinsa hakimin Rabah. Ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, amma a 1934 ya ajiye alli, aka naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda mahaifinsa ke hidima a ƙarƙashin Ajiyan Bauchi, ya gama a 1933, ya riƙe alli a Midil ta Bauchi fiye da shekara goma, sai a 1945 ya samu zuwa Landan ƙaro ilmi. Takardarsu iri ɗaya ce. Ɗaya rawani na jiransa a gida, ɗaya kuwa sai da ya haƙa rijiyarsa da hannunsa.

Za a ce ai Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957. Gaskiya ne, amma mu daina fakewa da labarinsa. Shi aka sani. Ɗimbin sa'o'insa da ba su taɓa ganin allon aji ba, ba wanda ya rubuta sunayensu. 'Yan mata kuwa, kwalejin ba ta ma da gurbinsu.

Shirin ilmin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya kai firamare ƙauyuka, amma bai kai wa yaro wanda zai nuna masa hanya ba. Ɗan likita tun yana sakandare ya san darussan da zai dage a kai, ya san makin da ake nema. Ɗan manomin da ya fi shi kai yakan isa shagon kwamfuta don cike fom ɗin JAMB bai san bambancin kwas da kwas ba. Mai shago ne zai zaɓar masa, da sauri, don akwai layi a baya.